Damina biyu da kaska a wani gida a kudancin Kebbi

Gidan da mutanensa

Gidan yana wani ƙauye tsakanin Koko da Yawuri, inda tudu yake gangarawa zuwa fadama. Maigidan mijin yayata ne, manomin dawa da masara a tudu, shinkafa a fadama. Lokacin da lamarin ya fara yana da bajimai biyu na huɗa, saniya da maraƙinta, tumaki shida, jaki ɗaya, da wani kare da ba a san mai shi ba amma a gidan yake kwana. Mutum 11 ne a gidan. Wanda abin ya fi shafa shi ne ɗansa na uku, mai shekara 16, wanda zan riƙa kira yaron. Ni kawunsa ne, ina koyarwa a firamare a gari mafi kusa, kuma nakan kwana gidan kusan kowane ƙarshen mako. Abin da ke nan daga abin da na gani ne, da kuma wani ɗan littafin rubutu da muka fara ajiyewa daga baya.

Aikin yaron da damina ɗaya ne. Ana idar da sallar asuba zai ɗauki lauje ya gangara fadama, tafiyar kamar minti 25, ya yanko ciyawa, ya ɗauro dami a ka ko a bayan jaki. Rabin hanyar burtali ne, wanda garken Fulani ke bi idan ruwa ya sauka suna komawa arewa, kuma mashayarsu tana daf da inda yake yankan. Gajeren wando yake sawa da silifas, don raɓa tana jiƙa duk abin da ya wuce gwiwa.

Turken shanun yana cikin gida, taku shida daga ƙofar shagon samari. Wanda ya san halin da ake ciki na satar shanu a wannan yanki ba zai tambayi dalili ba. Damin ciyawa kuwa a jikin bangon shagon ake jingine shi, a riƙa tsakura ana zuba wa dabbobi har dare.

Kaska ba baƙuwa ba ce a irin wannan gida. Raɓi mai jini ake ce mata, kuma ana ɗaukarta matsalar dabba. In ta kama mutum sai ya cizge ta ya ci gaba da abin da yake yi.

Mayu zuwa Yuni: ruwa ya sauka

Ruwa ya zauna a tsakiyar Mayu. Kafin wata ya ƙare, kaska ta cika maraina da hantsa da ƙarƙashin wutsiyar shanun. Iri biyu suka fi yawa. Akwai mai ado a baya, wadda namijinta ke da zane ruwan goro da baƙi kamar an yi masa rini, ita ce masana ke kira Amblyomma variegatum, kuma manyanta a farkon damina suke fitowa da yawa. Akwai kuma mai dogayen ƙafafu masu zobe-zobe, mai saurin gudu, wadda ake kira Hyalomma. Dukansu bakinsu dogo ne, yana nutsewa cikin fata sosai.

Abin da gidan ya saba yi shi aka yi. Da yamma yara su tsuguna su cire da hannu, ƙanana a murje tsakanin farce, waɗanda suka ƙoshi da jini a fasa da dutse ko a wurga wa kaji. Wadda kaza ba ta gani ba ta shige ƙarƙashin tarin ciyawa. Inda fata ta yi rauni a shafa baƙin mai.

A jikin yaron, daga abin da ya iya tunawa daga baya, ya cire kaska biyar ko shida a cikin Yuni. Ta bayan gwiwa ya ɗiga mata kananzir ya jira ta saki, ba ta saki ba, ya ja ta da ƙarfi, bakin ya tsinke a ciki. Wata a kwankwaso abokinsa ya ƙona masa ita da kan ashana. Akwai ɗaya da ta kama shi a matsematsi, wadda bai lura da ita ba sai da ta kwana biyu ko uku, kuma wannan bai gaya wa kowa ba.

Babbar Sallah ta faɗo a cikin Yuni. An sayo rago daga kasuwa kwana takwas kafin salla aka ɗaure shi a turke ɗaya da shanun, ba tare da an duba jikinsa ba. Ranar yanka yaron da yayansa suka yi fiɗa da hannu tsirara, kamar yadda kowa ke yi.

Yuli: zazzaɓi

A makon farko na Yuli yaron ya dawo daga fadama da ciwon kai da tsamin jiki, musamman wuya. Da dare zazzaɓi ya rufe shi. Da damina a fadamar shinkafa, wa zai yi tunanin wani abu ban da maleriya? Aka sayo maganin maleriya a kemis, na kwana uku, ya shanye. Zazzaɓin ya ɗan lafa da rana, ya dawo da dare. Mai kemis ya ce to taifot ne, ya ba da wasu ƙwayoyi ya yi allura biyu. Inna, wato kakarsa, ta dafa masa sassaƙe ta ce shawara ce. Kwana shida aka yi a haka.

Ranar Asabar na iso na same shi kwance a shago. Sai da mahaifinsa ya fita masallaci ya ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "Kawu, akwai abin da ban gaya ma Baba ba." Ya nuna mini. A matsematsinsa akwai wani baƙin ɓawo, faɗinsa kamar ƙwayar wake, ja ya kewaye shi, kamar an ɗana masa wutar sigari. Kusa da shi kaluluwa ta kumbura tana ciwo. A bayan gwiwa akwai wani irinsa, ƙarami. Ya ce wurin ba ya zafi sosai, shi ya sa ya yi shiru, ga kuma kunya. Yaro mai shekara 16 ba ya kwance wando gaban ubansa, balle uwarsa, balle mai kemis da ke tsaye a bainar jama'a. Duk wanda ya ba shi magani a kwana shidan nan, fuskarsa kawai ya kalla.

Ranar Litinin muka kai shi babban asibiti. Zafin jikinsa 39.1. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Likitan ya duba ɓawon biyu da kaluluwar, ya tambayi aikinsa, ya tambayi yaushe kaska ta cije shi, ya kuma tambaya ko ya ga jini a dasashi, a hanci, a fitsari ko bayan gida. Babu. Ya ce alamun sun yi daidai da zazzaɓin cizon kaska, wanda wata ƙwayar cuta mai suna Rickettsia africae ke haddasawa, kuma kaska mai ado ce ke ɗauke da ita. Yakan bayyana kamar kwana biyar zuwa goma bayan cizo, kuma maganin maleriya ba ya taɓa shi. Ya rubuta doxycycline na kwana bakwai, safe da yamma. A rana ta biyu zazzaɓin ya sauka. Ɓawon ya ɗauki kusan mako uku kafin ya faɗi ya bar tabo.

Tambayar jinin nan ta tsaya mini a rai, sai na sake komawa kanta. Likitan ya ce akwai wata cuta da Hyalomma ke yaɗawa, zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango. An fara gane ta a yankin Kirimiya, a gabashin Turai, a 1944, aka sake samun ƙwayar a Kwango a 1956, kuma tun shekarun 1960 aka same ta a jikin dabbobi da kaska a Najeriya. Dabbar da ke ɗauke da ita ba ta nuna ciwo. Mutum yana kamuwa ta cizo, ko ta murje kaska da hannu, ko ta jinin dabba lokacin yanka da fiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka kwanta da ita. Ba ita ce ta kama yaron ba. Amma a hanyarmu ta dawowa ina ta tuna yaran gidan tsugune da dutse suna fasa kaska, jini na fallatsa musu a hannu.

Agusta: abubuwan da aka gwada

Maigidan ya tsorata, kuma mutum ne da in ya tsorata yake neman magani mai ƙarfi.

Na farko, ya hana yaron zuwa fadama. Amma shanu ba su san an yi rashin lafiya ba, sai sun ci. Aka tura ƙanensa mai shekara 12. Cikin kwana tara aka cire masa kaska uku, ɗaya a cikin kunne. An gudu ba a tsira ba, sai aka mayar wa yaron laujensa.

Na biyu shi ne mafi muni. Wani maƙwabci ya ce a zuba fiya-fiya kaɗan cikin man shafawa a riƙa shafa wa ƙafa kafin a shiga ciyawa. Yaron ya yi haka kwana biyu. A rana ta biyu, da rana ta ɗaga gumi ya keto, ya fara jiri da tashin zuciya, yawu na zuba, ƙafafun sun yi ja suna raɗaɗi. Wasu masu cirar shinkafa suka kamo shi zuwa gida. Aka wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, aka kai shi ɗakin shan magani na ƙauyen, ya kwana ɗaya. Fiya-fiya guba ce da ke ratsa fata ta shiga jiki, ba a yi ta don jikin mutum ko na dabba ba. Garin gyaran gira an kusa rasa ido. Tun ranar yayata ta kwashe kwalaben ta kulle a akwatinta.

Na uku ya zo ta hannun yayan yaron, wanda ke karatu a Birnin Kebbi. Ya duba a waya ya karanto mana shawarwari da yawa. Galibinsu an rubuta su ne don mutanen Amurka da Turai masu fita yawon daji don nishaɗi, kuma cutar da suke tsoro ita ce ta Lyme, wadda wata ƙaramar kaska ta can ke yaɗawa. Sun ce a jefa tufafi cikin injin busar da kaya na minti goma, muka yi dariya. Sun ce a bi tsakiyar hanya kada a goga ciyawa, to wanda ya je yankan ciyawa fa? Amma ya zo da man korar ƙwari mai sinadarin DEET, wanda aka ce a nemi mai kashi 20 zuwa 30. Wannan ya yi aiki iya gwargwado, kwanakin da aka shafa ba a ga cizo a ƙafa ba. Sai dai raɓa da gumi suna wanke shi kafin a gama dami, kuma kwalbar ta ƙare a kwana 12. Kuɗin sabuwa ya kusa na tiya biyu ta masara. Ba a sake saye ba.

Na huɗu, maigidan ya fesa wa shanun maganin kaska da ya sayo a kasuwa. Murfi ɗaya ya zuba a famfon feshi mai lita 16, famfon da yake feshin ciyawa da shi, ya fesa musu a gadon baya, sau ɗaya. Kaskar da ke maraina da hantsa ko motsi ba ta yi ba. Ya ce maganin jabu ne.

A ƙarshen watan ɗaya daga cikin bajiman ya fara kirci a baya da wuya, fata ta yi ɓawo gashi na tashi curi-curi. Wannan ne ya sa aka kira malamin dabbobi. Ina faɗin haka ba don in ci mutuncin surukina ba: ciwon yaro ya kai mu kemis, ciwon bajimi ne ya kawo wanda ya san kaska cikin gidan.

Satumba zuwa Oktoba: zuwan malamin dabbobi

Ya zo a mako na biyu na Satumba, a kan babur. Kafin ya taɓa bajimin sai ya zagaya gidan. Ya ɗaga tsohuwar ciyawar da ta taru a gindin bangon shago, ya nuna mana matan kaska biyu da suka ƙoshi suka faɗo, ɗaya ta fara zuba ƙwai. Ya ce macen mai ado guda tana iya yin ƙwai dubbai, har ya haura dubu goma. Ya duba kunnen karen, cike da wata ƙaramar kaska ja, ya ce wannan irin a tsagar bango take ɓuya, ya haska tocila a tsagar shagon samari muka gani da idonmu. Sannan ya kwance damin da yaron ya kawo da safe a kan farin buhu, ya karkaɗe. Uku suka fito suna tafiya.

Ya ce da maigidan, "Alhaji, kaska ba ta tashi, ba ta tsalle. Hawa take yi. Ko dai ta jira a kan ciyawa, ko ta biyo ka a ƙasa in ta ji numfashinka. Duk wadda ta shigo gidan nan ɗauko ta aka yi."

Ya ɗaga ƙafar bajimi ya buɗe tsakanin kofato. Akwai kaska a maƙale. Ya ce masu bincike a Burkina Faso sun lura cewa mai ado a nan take fara kamawa lokacin da dabba ke kiwo, sai dare in ta kwanta sannan ta haura zuwa hantsa da maraina. Wato akwai 'yan sa'o'i tsakanin dawowar shanu da kwanciyarsu da za a iya tare ta a ƙasa. Ya kuma ce kircin bajimin da kaskar tafiyarsu ɗaya, inda mai ado ta yi yawa kirci yakan yi tsanani.

Maganin da maigidan ya kira jabu, malamin ya karanta jikin kwalbar. Amitraz ne mai ƙarfin kashi 12.5, kuma ma'auninsa mililita 2 a kowace litar ruwa, wato 32 a famfo mai lita 16. Murfin da aka zuba bai kai rabin haka ba. Ya auna da sirinji, ya sa aka wanke famfon sarai, ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya sa safar hannu, ya fara feshin daga ƙasa zuwa sama: kofato, ciki, maraina, ƙarƙashin wutsiya, hammata, kunne. Ya ja kunne sosai cewa kada wannan magani ya taɓa jaki ko doki, yana iya kashe su, kuma kada wani ya yi dabarar fesa shi a wandon yaro. Ya tsara ranakun feshi, ya yi wa bajimin allurar kirci.

Ga mutane kuma, ya fito da wani ɗan hantsaki mai siririn baki ya nuna a jikin maraƙi. A kama kaska daf da fata, a bakinta, ba a cikinta ba. A ja sama a hankali, ba murɗawa, ba fizga. A wanke wurin da sabulu. Kananzir da ashana da man shafawa ba sa sa ta saki da wuri, ɓata lokaci ne, kuma takura mata na iya sa ta ƙara zuba yawu cikin rauni. In ɗan guntun baki ya rage kuma bai fita da sauƙi ba, a bar shi, fata za ta turo shi, ba ya tsirowa ya zama wata kaska kamar yadda Inna ta yi imani. Wadda aka cire a jefa ta cikin gwangwani mai kananzir, a nan kananzir yake da amfani.

Daga wannan mako muka fara littafin. An mayar da wurin ajiye dami can kusa da rumbu, taku 20 daga shago, kuma dami yana shan rana a baje kafin a zuba. Yaron ya koma sa wani tsohon farin wandon makaranta, ya cusa ƙafar wandon cikin safa, ya sa takalmin roba. Ya yi ta ƙorafin zafi da dariyar abokai, kuma raɓa tana jiƙa shi har cinya. Amma a kan farin yadi ana ganin kaska tun tana hawa. Kayan aikin ba sa shiga ɗaki, a igiya ake shanya su a rana. Yana dawowa zai yi wanka, ba ya bari sai azahar.

Maganar duba jiki ita ta fi wuya, saboda kunyar nan. Abin da aka daidaita a kai shi ne, bayan magariba shi da ƙanensa su shiga shago da tocila, kowa ya duba wa ɗan'uwansa ƙeya, bayan kunne, gadon baya da bayan gwiwa. Hammata, cibiya da matsematsi kowa ya duba nasa a makewayi, da ɗan guntun madubi. Abin da aka gani a rubuta, in na zo in karanta. Ba a tilasta wa kowa faɗa wa Baba ba.

A Oktoba wata sabuwa ta ɓullo, 'ya'yan kaska da suka ƙyanƙyashe, ƙanana kamar garin barkono, masu ƙafa shida. Curi suke yi a bakin ciyawa, in ƙafa ta goga su hau da yawa lokaci ɗaya. Sau biyu yaron ya dawo da su a wando. Salatif muka yi amfani da shi muka ɗebe, sauran wanka da soso ya fitar. Daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba littafin ya nuna cizo uku a jikinsa, duk an cire a ranar.

Rani

Bayan an kai amfanin gona gida aka yi aikin da damina ta hana. An kwashe takin turke gaba ɗaya aka kai gona. An yaɓe tsagogin shagon samari ciki da waje. An matsar da turken zuwa kusurwar yamma, har yanzu cikin katanga, taku 18 daga shago, aka bar kaji da zabi suna kiwo a wurin. Karen an yi masa magani aka hana shi kwana a ƙofar ɗaki, ko da yake shi bai amince da wannan hukunci ba sai da aka yi ta kora. Bajimin ya warke, amma fatar bayansa ba ta koma daidai ba.

Damina ta biyu

An fara feshi a makon da ruwa ya zauna, ba a jira kaska ta cika ba. Duk yamma in shanu sun dawo daga huɗa, ana ɗaga ƙafafunsu a duba kofato kafin su kwanta. Ragon layya an ɗaure shi dabam a zaure, aka duba shi aka cire masa kaska bakwai, huɗu masu zobe a ƙafa. Ranar yanka yayan yaron ya kawo safar hannu ta roba. Maigidan ya ƙi sawa, ya ce bai taɓa ganin an yi layya da safa ba. Samarin suka sa wajen fiɗa.

Daga Mayu zuwa Oktoba littafin ya nuna kaska 34 da aka kama suna tafiya a kayan yaron ko a fatarsa kafin su ciza, da huɗu da suka ciza. Uku an cire su a ranar. Ɗaya ta kwana, a makon da aka yi shukar shinkafa, lokacin da kowa ke dawowa a gajiye aka yi kwana biyar ba a duba ba. Muka sa ido a kansa mako biyu, ba zazzaɓi, ba ɓawo. A Satumba ya yi zazzaɓi, aka kai shi gwaji tun rana ta farko, ya faɗa wa malamin asibiti da bakinsa cewa yana shiga ciyawa, aka duba jikinsa. Maleriya ce, aka ba shi maganinta ya warke.

Wanda kaska ta fi ciza a wannan daminar maigidan ne, don shi ba ya cikin littafin kuma babu mai duba shi. A Agusta ya kira yaron gefe ya ce ya kawo hantsakin nan, akwai wata a hammatarsa.

Abin da na gani a ciki

A ganina abu uku ne suka rage cizon, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Mafi girma shi ne rage kaskar da ke cikin gida: feshin shanu a kan ma'auni da kan lokaci, duba kofato, raba dami da wurin kwana, yaɓe bango. A damina ta farko mun ɗauka a fadama kawai ake cizon yaron, alhali wani rabon a shimfiɗarsa yake samunsa. Na biyu shi ne farin wando cikin safa. Bai hana kaska hawa ba, adadin 34 ya nuna haka, amma ya tsawaita mata hanya daga ƙafa zuwa fata, ya kuma tona ta. Na uku duban magariba, wanda ke kama wadda ta tsallake biyun farko. Cirewa da wuri tana rage haɗari, ba ta kawar da shi, shi ya sa muke ƙirga mako biyu bayan kowane cizo.

Abubuwan da suka gaza, kowanne da dalilinsa. Hana yaron fita ya mayar da haɗarin kan wanda ya fi shi ƙanƙanta. Man DEET magani ne na gaskiya, amma an yi lissafinsa ne don mai shiga daji sau ɗaya a wata, ba mai shiga kullum wata biyar ba. Feshin farko ya gaza saboda ma'auni da wurin da aka fesa, ba don maganin ba. Fiya-fiya kuwa ita kaɗai ce a duk labarin nan ta kusa yin kisa.

Kwana shida da yaron ya yi yana shan maganin da ba nasa ba, ban ɗora wa mai kemis duka ba, ko da yake bai kamata a yi ta ba da magani babu gwaji ba. Alamar tana nan tun farko, a wurin da al'adarmu ba ta bari a nuna. Da ban zo ranar Asabar ɗin ba, ko da ni baffansa ne ba kawu ba, wataƙila da an ƙara mako.

Akwai abin da bai gyaru ba. Burtali yana nan, garke na bi, kuma shanun maƙwabta biyu da ake haɗa huɗa da su ba a fesa musu komai, don haka duk ranar gayya bajimanmu da sabuwar kaska suke dawowa. Kuɗin maganin feshi ya tashi, kuma a Oktoban da ya wuce maigidan ya tsallake zagaye biyu. Yaron zai tafi makaranta a Yawuri bayan girbi, lauje zai koma hannun ƙanensa, kuma wandon ya yi masa tsawo, yayata ta ce za ta rage ƙafar.